Ina son barin kamfani in tsaya da ƙafata a aikin sola, ta ina riba take fitowa?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, ina da difloma a fannin lantarki. Shekara uku ke nan ina aiki a wani kamfanin haɗa sola a Kano, albashina naira 90,000. Asabar da Lahadi ina samun nawa na gefe. A watan Afrilu kaɗai na haɗa gida huɗu, kowanne na karɓi 60,000 kuɗin hannu. Ga iyali ga haya. Ina ganin lokaci ya yi da zan ajiye aikin in tsaya da kaina. Yaya zan yi abin ya zama sana'a mai riba, ba yau akwai gobe babu ba?"

Ƙanena, Allah ya sa wa nema albarka. Ka fara duba watan da ka ɗauko ka kafa hujja da shi. Afrilu ne. A garin nan daga Maris zuwa Mayu ko wanda bai iya riƙe sukundireba ba sai an kira shi aiki, domin zafi ya hana mutane barci, yara na kuka, maigida ya gaji da sayen mai. In azumi ya faɗo kusa da lokacin kuwa, ba a magana. Amma ka buɗe wayarka ka duba Agusta da Disamba. A Agusta gari ya yi sanyi, kuɗin mutane ya tafi gona da taki, kiran da za ka fi samu shi ne na wanda hadari ya hana batirinsa cika, yana so ka zo ka duba kyauta. A Disamba da Janairu ba mai neman fanka. Sana'ar kai irin tamu kamar noma take, kakarta gajera ce, abin da aka girbe a wata uku shi ake ci a sauran. Saboda haka lissafin da za ka yi na shekara ne, a raba gida goma sha biyu.

Ba ina rage maka gwiwa ba ne. Kasuwar gaskiya ce. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awowi da yawa a yini, zuwa naira 225 kowane yunit, su kuma sauran unguwannin da kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke ba wuta kowa ya san awa nawa suke gani. Mutane sun koma sola da gaske. Sai dai abin da ya kawo kwastoma shi ya kawo masu haɗawa. Yau duk mai gyaran waya da mai ɗaura dish ya ƙara "da sola" a allon shagonsa. Don haka aiki ba zai yi maka wuya ba, abin da zai yi maka wuya shi ne aikin da ake saura da wani abu bayan an gama.

Mu kwance wannan 60,000 ɗin naka. Gida ɗaya matsakaici, in za a yi shi yadda ya kamata, yana cin yini guda na zuwa duba wuri da lissafin kaya da jan ciniki. Yana cin yini guda na kasuwa: ka shiga Sabon Gari ka zaɓi farantin sola da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ka biya Ƙofar Ruwa don ƙarfen da za a yi musu mazauni, ka tsaya kan mai walda. Sai yini biyu na hawa rufi da jan waya. Sai aƙalla rabin yini na "zo ka ga abin nan yana ƙara". Yini huɗu da rabi ke nan. Ka cire sallamar yaron da ya taya ka, a ce 10,000 na kwana biyu, da kuɗin mai kurkura ko a-kori-kura da ya ɗauko kaya, a ce 8,000. Saura 42,000. Yanzu a ce Allah ya buɗa maka, wata ya cika maƙil ba ranar hutu: gida shida ne iyakar abin da kwana 27 za su ɗauka. Shida sau 42,000 ya ba ka 252,000. Wannan shi ne ƙololuwa, watan da ba ka yi zazzaɓi ba, ba a yi rasuwa a dangi ba, ba wanda ya riƙe maka ciko.

Kuma ko wannan ba duka ne naka ba. A yau akwai abubuwan da kamfani ke ɗauke maka ba ka gani. Tsanin da kake hawa, injin huda bango, mitar auna wuta, abin matse kan waya, wataƙila har da waɗanda kake ara ranar Asabar, duk da kuɗin wani aka saye su. In inbata ta ƙone a aikin kamfani, kamfani ne ke jin zafin. In wata ya zo ba aiki, albashinka na shiga. Uwa uba, wasu daga cikin gidaje huɗun nan sun kira ka ne don sun san inda kake aiki. Ranar da ka fita, duk wannan ya dawo wuyanka. Ni ga yadda nake sa masu koyo a hannuna su lissafa, lambobin misali ne, kai sai ka sa naka: man babur da gyaransa 35,000 a wata, kati da data 10,000, tarin sayen kayan aiki da maye waɗanda suka lalace 15,000, ƙananan kayan da kake cikawa daga aljihu da gyaran da ke kanka 20,000, ajiyar watannin da ba aiki da ta rashin lafiya 40,000. Ya kama 120,000. In gidanka na cin 180,000 da haya da komai, to sana'ar dole ta kawo 300,000 duk wata kafin a ce ka tsaya daidai, ba a zo kan riba ba tukuna. Ka ga 252,000 na watan da ya fi kowane albarka bai kai ba.

Daga nan ake fitar da farashi, ba daga abin da na kusa da kai ke karɓa ba. In matsakaicin watanka gida huɗu ne, 300,000 a raba huɗu ya ba da 75,000, ka ɗora 18,000 na yaro da dako, ya zama 93,000. Irin aikin da kake yi a 60,000, ƙasa da 90,000 faɗuwa ce mai tafiya a hankali, wadda ba a ganewa sai ranar da babur ya buga inji aka rasa na gyara. Yawancin waɗanda na ga sun koma neman albashi bayan shekara ɗaya ko biyu sun iya aiki sarai, wasu ma sun fi ni hannu. Suna ta aiki ne dare da rana a farashin da ma'aikacin albashi ke ganin babba ne, don yana gwada shi da 3,500 da yininsa ke kamawa a kamfani.

Na san abin da za ka ce: wa zai ba ni 90,000 alhali ga wani zai yi a 40,000? Amsar ita ce ba kowa ba, kuma ba kowa kake nema ba. Mai gidan da ya tara kuɗi da ƙyar don ƙwan fitila shida da fanka biyu, hakkinsa ne ya nemi mai araha, kada ka ji haushinsa. Kai ka nemi wanda wuta ke kawo masa kuɗi ko rashinta ke cinye masa kuɗi. Mai ƙanƙara da lemo mai sanyi, mai kemis da ke ajiye allurai a firji, ƙaramin asibiti da ɗakin gwajin jini, mai cajin waya, mai ɗinki da keken lantarki, makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, mai gidan kaji, manomin rani a Kura da Kadawa da Bunkure da ke ba tumatir da albasa ruwa da injin fetur. Waɗannan ba sai ka yi musu wa'azin sola ba. Ka zauna da mai ƙanƙara ka tambaye shi lita nawa yake ƙonawa a yini. In ya ce takwas, ka ba shi biro ya ninka da kuɗin lita, ya ninka da talatin, da hannunsa. Sai ka ajiye kuɗin aikinka kusa da wannan lambar. Mutumin da ya ga abin da mai ke ci masa a wata ba zai tsaya jayayya kan bambancin 50,000 a kuɗin hannu ba, abin da zai tambaya shi ne, in ta lalace ranar kasuwa za ka ɗaga waya? Ka zaɓi layi ɗaya ko biyu cikin waɗannan ka ƙware har a san ka da shi. Masu kemis sun san juna, manoman layi ɗaya a bakin kanal sun san juna. Aiki ɗaya mai kyau a cikinsu ya fi hoto ɗari a Facebook, ko da yake hoton ma ka riƙa ɗauka, musamman na yadda ka jera waya da allon birika, wato makunnan da ke yanke wuta in ta yi yawa, don a nan mai ido ke gane gwani.

Abin da kake sayarwa wanda na 40,000 ba ya sayarwa shi ne lissafi kafin aiki. Kada ka taɓa faɗin farashi a waya. Ka je gidan, ka shiga ɗaki-ɗaki da izini, ka rubuta duk abin da za a kunna da awowin da zai yi. Kuma kada ka tsaya ga maigida kaɗai, shi da safe yake fita. Zai ce maka fitila ce da fanka da talabijin kawai. Ka roƙi a tambayo uwargida. A nan za ka ji akwai dutsen guga, akwai hitar ruwan wankan yara, akwai firiza da ake ƙullin zoɓo da kunun aya na sayarwa, akwai injin bohol da ake tayarwa da asuba lokacin da batir ya kwana yana aiki. Dutsen guga ɗaya na jan wat 1,000 ko fiye, abin da fanka goma sha wani abu ke ja. Sannan ka yi masa lissafin batir a gabansa. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 220 yana ɗauke da kusan yunit 2.6, amma rabi kawai ake so a ci in ana son ya yi shekaru, wato 1.3. Guda huɗu sun ba ka yunit biyar da ɗan kai a dare. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya kaɗai za ta iya lashe wannan kafin asuba. Na litiyam ana cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa na farko ya fi. Ka faɗa masa zafin ɗakin da za a ajiye batir na rage masa kwana, ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti in ba a wankewa. Mutum in ya ji wannan ya san da wanda yake magana. Wannan zuwan dubawa ma ka sa masa kuɗi, ko 5,000 ne, ka ce za a cire daga kuɗin aiki in an daidaita. Yana raba mai niyya da mai son ya karɓi lissafinka ya kai wa ɗan ƙanwarsa.

Duk abin da kuka yi magana ya hau takarda. Mutanenmu na jin nauyin wannan, wai kamar rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba ka da abin jin kunya. Ba sai lauya ba. Shafi ɗaya ya isa: sunan kowane kaya da kamfaninsa da girmansa da adadinsa, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, abin da na'urar za ta ɗauka da abin da ba za ta ɗauka ba, a rubuce ƙarara cewa ban da guga da hita in haka ne, ranar farawa da ta gamawa, yadda za a biya, da wata nawa gyaran kuskuren hannunka ke kanka. Ka bambanta garantin hannunka da garantin mai kaya. Inbata in ta mutu da kanta, maganar dila ce, kai rakiya za ka yi da rasit. Tsawa, ko wani ya zo bayanka ya yi jone, ko an ɗora abin da aka hana, ba naka ba ne. In kwastoma ba ya karatun boko, ka tura masa hoton takardar a WhatsApp, ka karanta masa ita da murya, ka ce, "Alhaji, in haka ne a amsa mini da murya." Wannan "na ji, na yarda, Allah ya sa albarka" da zai turo, ka adana shi. Kuma in ana tsakiyar aiki aka ce "ɗan ƙara mana soket biyu a shagon waje", ka ce to, da murmushi, ka faɗi kuɗinsa nan take kafin ka ɗauko waya. Irin waɗannan 'yan ƙare-ƙaren ne ke mayar da aikin kwana biyu na kwana huɗu a kuɗin kwana biyu.

Sai maganar kuɗin kaya, inda aka fi yin asara da zubar da mutunci. Kusan duk abin da muke haɗawa daga waje yake zuwa, mafi yawa daga Sin, ta Legas, farashinsa na bin dala. Wanda ya yi aiki tsakanin Yunin 2023 da Fabrairun 2024, lokacin da dala a hukumance ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500, ya ga yadda lissafin Litinin ke zama asara ranar Alhamis. Ko yanzu da abin ya ɗan lafa, ka rubuta a ƙasan takardarka cewa farashin kaya na kwana uku ne ko bakwai. Kuɗin kaya a ba ka shi cif kafin ka taka kasuwa, ranar da ya shigo kuma ranar za ka saya. Kada ka sa kuɗinka ka saya wa kowa kaya da sunan zai biya in an gama, kai ba banki ba ne. Sannan ka buɗe asusu biyu, ko a manhajojin waya ne: ɗaya na kuɗin mutane, ɗaya naka. Miliyan uku in ta kwana a asusun da kake cefane da shi, zuciya za ta fara gaya maka kai mai kuɗi ne. Ka taɓa 100,000 don haya da niyyar mayarwa daga aiki na gaba, na gaban ya makara, sai ka rage kaurin waya ko ka sayo batir ɗan kwatano ka goge shi. Daga nan sana'a ta fara mutuwa, ko da ana ta kiranka.

Riba a kan kaya halal ce in an yi ta a fili. Hanya biyu ce. Ko dai ka ce ni zan kawo kaya a kan kaza, ka saya a farashin dila ka sayar a naka, alhakin ingancinsu na kanka. Ko ka ce mu je kasuwa tare ka biya da hannunka, ni kuɗin hannuna kaza ne, ka ɗaga shi yadda zai ishe ka. Abin da ba na so shi ne na ukun da ya zama ruwan dare: a ce wa mutum "nawa aka sayar mini" alhali an haɗa baki da mai shago an ƙara a rasit. Ranar da ya gano, kuma zai gano don shi ma yana da ɗan'uwa a kasuwa, ba kuɗin kaɗai ka rasa ba, ka rasa layinsa gaba ɗaya. Ka samu dila biyu ko uku da ke karɓar kaya in ya ba da matsala, ka riƙe su ko sun ɗan fi tsada. Ka riƙa gwada faranti da mita a bakin shago, don ana manna takardar wat 550 a kan wanda bai kai ba.

Kuɗin hannu kuwa, rabi kafin alƙalami, rabi ranar da aka kunna. Ranar, ba gobe ba. Dabarar ita ce ka sa ranar gwaji ta zama ranar da mai biya yake gida. Ka kira shi tun jajibiri: "Ranka ya daɗe, gobe bayan la'asar za mu tayar, ina so a gwada komai a gabanka, sai a sallame mu da yara." Ka kunna masa komai, ka nuna masa abin da lambobin fuskar inbata ke nufi, ka koya wa wani babban yaro a gidan yadda ake wanke faranti da duba ruwan batir, sannan ka tsaya. Kada ka naɗe tsani ka ce "sai na ji ka". Mutum yana cikin daɗin sabuwar wuta hannunsa a sake yake. Bayan mako guda wutar ta zama abin da aka saba, kai kuma ka zama mai damu. Daga nan sai "Alhaji ya shiga ciki", "Alhaji ya yi Abuja", "Alhaji ya tafi Umara". Abin mamaki, ƙananan 'yan kasuwa sun fi biya a kan lokaci. Manya ne ke riƙe ciko, ba don babu ba, don ba su ɗauki 45,000 a bakin komai ba, kai kuma kana jin nauyin tambaya. In ya kai ga taurin bashi, ka fara da wanda ya haɗa ku, shi ne mai jin kunya. In abin ya ƙi, Kano na da kotunan ƙananan basussuka tun 2019, ba sai da lauya ba, kuma a nan takardar nan da muryar nan za su yi maka rana. 'Yan'uwa da abokai kuma ka yanke tun farko: wanda za ka yi wa kyauta ka ce kyauta ce don Allah, wanda za ka rage wa ka rubuta cikakken farashi ka nuna ragin. Wanda ba a faɗa ba shi ke ɓata zumunci.

Akwai kuɗin da yawancin masu haɗawa ke bari a ƙasa, shi ne na kulawa. Duk wurin da ka haɗa, ka yi masa tayin zuwa duk wata uku: wanke faranti, ƙara ruwan batir, ɗaure kan wayoyin da zafi ya sassauta, duba abin kare tsawa kafin damina. A ce 8,000 kowane zuwa. Wuri talatin sun zama goma a wata, 80,000 ke nan da ba ruwanta da Afrilu ko Agusta, kuma yaron da ka horar zai iya yin mafi yawansa. Ga shi kuma duk ranar da za a ƙara faranti ko a sauya batir, kai ne a tsaye a wurin.

Takardun hukuma ba su da wahala, ka yi su da wuri. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta ishe ka a farko, da lambar haraji, da asusun banki da sunan sana'ar. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe kamfani shi kaɗai, amma wannan sai ayyuka sun girma. Ka nemi shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wayarin, don asibitoci da ƙungiyoyi na tambaya. In ka yi wa kamfani ko ƙungiya aiki za su cire wani kaso na haraji daga kuɗinka kafin su biya. Ka sa shi a lissafi tun farko, ka kuma karɓi shaidar cirewar, domin ana rage maka ita daga harajinka na shekara.

Kwangilar gwamnati fa? Kowa na mafarkin fitilun titi da bohol na mazaɓu. Ra'ayina, ka bar ta tukuna. Ta tarayya, ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, tana neman kamfani mai shaidar biyan haraji ta shekara uku da takardun fansho da na asusun horar da ma'aikata (ITF) da na asusun inshorar ma'aikata (NSITF), kuɗin somin aiki wani kaso ne kawai, sauran sai an gama an duba an sa hannu, wanda kan ɗauki watanni. Mai jarin da bai kai ya jira ba, kwangila ɗaya na iya durƙusar da shi. Abin da zai zo maka a zahiri shi ne wanda ya samu kwangilar ya neme ka ka yi masa jinga. Ka karɓa, amma da sharaɗinka: a biya ka kashi-kashi bisa abin da ka gama, fitila goma kuɗin goma. Kalmar "in an biya mu za mu biya ka" kada ta shiga tsakaninku, don ba kai ka ci ribar kwangilar ba, bai kamata ka ɗauki jiranta ba. In kuma ya ce a sa kayan da ka san ba za su kai damina biyu ba, ka tuna sunanka ne mutanen garin za su riƙe, shi ba su taɓa ganinsa ba.

Yaranka ka sallame su ranar da suka yi aiki, ko kai ba a biya ka ba. Yaro mai hankali da ba ya satar waya kuma ba ya taka faranti ya fi inbata wuyar samu. Ka saya musu igiyar ɗaure jiki da takalmi, kai ma ka sa. Kwanon rufi da rana tsaka ba wasa ba ne, wutar faranti da aka jera a layi kuma tana kai ɗaruruwan bolt, ba ta da makunni muddin rana na sama. Mai aikin kansa in ya karye a ƙafa, wata uku ba ko sisi. Shi ya sa 40,000 ɗin nan ta ajiya ba ta taɓuwa, kuma ka yi wa iyali rajistar inshorar lafiya ta jiha. Akwai ma tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2019, ana zuba abin da ya sawwaƙa.

Game da ajiye aiki, ni ba zan ce ka ajiye a wannan watan ba. Ka ɗaga farashin aikin gefenka zuwa na gaskiya tun yanzu da albashi ke rufa maka asiri, ka ga su wa za su tsaya. Ka sayi kayan aikinka ɗaya bayan ɗaya ka daina ara. Ka buɗe littafi ka rubuta kowane aiki, abin da ya shigo, abin da ya fita, da kwanakin da ya ci, har ka ratsa damina da hunturu. In ka ga a watanni marasa kasuwa ma abin da ke saura ya kai rabin 300,000 ɗin nan alhali Asabar da Lahadi kawai kake yi, kuma kana da cefanen wata huɗu a ajiye, to ka sa ranar fita a Janairu ko Fabrairu, don ka shiga zafi da ƙafar dama. Ka ba maigidanka sanarwar wata guda, ka gama abin da ke hannunka, kada ka kwashi lambobin kwastomominsa. Ka je har ofis ka yi masa sallama ta mutunci, ka gaya masa in aiki ya yi musu yawa a Afrilu kana karɓar jinga, ga farashinka a rubuce.